Kafin Ka Bari a Sauke Giyabos

Motar farko da na riƙe da sunana Peugeot 504 ce, Fijo kamar yadda kowa ke kiranta, daga cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, kuma kawuna ne ya bar mini ita lokacin da gwiwarsa ta daina jure tuƙi. Ranar da ya miƙo mini makulli a ƙofar gidansa da ke unguwar Gangare a Jos bai yi doguwar nasiha ba. Cewa kawai ya yi, "Ka riƙa sauraronta, ba ta ɓoye ciwonta." Na ce, "To, Kawu, in sha Allahu," irin amsar da yaro ke ba babba ko ya gane ko bai gane ba. Ban kuwa gane ba sai bayan da aka raba injin motar nan da giyabos ɗinta har sau huɗu a hannuna, a kan aikin da sau biyu ya isa. Ina rubuta wannan ne saboda ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke sayen tsofaffin motoci masu giyar hannu, su Golf da Starlet da Carina da 406, waɗanda su ne abin da aljihun mai fara rayuwa ke iya kaiwa, kuma kusan kowacce tana zuwa hannu ne da kulocin da wani ya riga ya ci rabinsa.

Dole in fara da yadda abin yake a ciki, domin wanda bai san abin da ƙafarsa ke turawa ba, ba zai fahimci abin da kunnensa ke ji ba. A bayan inji akwai wani zagayayyen ƙarfe mai nauyi da ake kira filawil, wanda yake juyawa muddin inji na aiki. A jikinsa faifan kuloci yake kwanciya, faifan da fuskokinsa biyu ke ɗauke da fata irin ta birki, tsakiyarsa kuma ta sarƙe da sandar da ke shiga giyabos. Abin da ke danne faifan a jikin filawil shi ne murfin da makanikai ke kira firesha, mai sifirin da ya rarrabu kamar yatsu suka haɗu a tsakiya. Idan ka taka feda, wani boris ne yake matsowa ya danna waɗannan yatsu, murfin ya saki faifan, inji ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, giyabos ya huta. Tsakanin feda da wannan boris, wasu motoci waya ce ke ja, wasu kuma man birki ne ke kai saƙon ta cikin famfo biyu, na sama da ke bayan feda da na ƙasa da ke jikin giyabos. To, a kowane matsayi ƙafarka take, akwai sassan da ke juyawa, akwai waɗanda suka tsaya cik. Shi ya sa lokacin da ƙara ta zo da lokacin da ta ɗauke su ne ke tona mai laifi. Ƙarfin ƙarar ba ya faɗin komai, wajen da kake zaton daga nan take fitowa ma sau da yawa yaudara ne, domin ƙarfe yana kai sauti nesa.

Bayan 'yan watanni da karɓar motar na fara jin wani gurnani a ƙarƙashin ƙafafuna duk lokacin da na tsaya inji na silo. Na lura da na taka kuloci sai ya yi shiru, sai na yanke hukunci a raina cewa ai kuloci ne, tunda taɓa shi ke canja abin. Na je wani gareji a wajen Farin Gada na ce wa mai garejin, "Kulocina ne ke ƙara." Ya ce, "Oga, sai an sauke." Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ƙara masa komai ba. Aka sauke, aka sa sabon faifai da sabon firesha da sabon boris, na biya kuɗin kaya da na aiki, aka tayar da mota a gabana, gurnanin nan ya yi mini sallama kamar ba a taɓa ko noti ɗaya ba. Na daɗe ina jin haushin bawan Allahn nan, amma da na yi wa kaina adalci sai na ga abin da na je nema shi ya sayar mini. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa maimakon in faɗa masa inda ruwa ke ɗiga, sai na ce masa ya sauya kwano.

Kawu ne ya tura ni wurin wani dattijon makaniki a wajen Dilimi, wanda ya tsufa a kan Fijo. Bai ɗauki sifana ba. Ya zauna a kujerar gefe ya ce, "Yaro, sa ta a firi, ka ɗauke ƙafarka gaba ɗaya." Gurnani ya fito. Ya ce, "Yanzu taka har ƙasa, ka riƙe, kada ka yi magana." Muka yi tsit, sai na ji abin da ban taɓa kula da shi ba: ƙarar ba farat ɗaya take ɗaukewa ba, raguwa take a hankali na daƙiƙa biyu ko uku sannan ta mutu. Ya ce, "Ka ji? Sandar giyabos ce ke rage gudu har ta tsaya. Lokacin da ƙafarka ke sama, boris ɗin kuloci ba ya ɗauke da nauyin komai, to me zai sa shi kuka? Wanda ke aiki a lokacin shi ne boris ɗin da ke riƙe da sandar a cikin giyabos." Na ce, "Baba, to me ya kashe shi?" Ya shiga ƙarƙashi ya kwance notin da ake zuba mai ta gefen giyabos, ya zura yatsa, ya fito da shi a bushe ya nuna mini. Man ya daɗe yana tsiyaya, ni kuwa tun da na karɓi motar man inji kawai na sani. Haka aka sake saukewa karo na biyu.

Zan ƙara wani abu a nan domin kada wani ya firgita. Tsohon giyabos yakan yi 'yar kaca-kaca a firi idan ya yi zafi, saboda haƙoransa sun ɗan yi sako-sako, kuma mota takan yi shekaru da hakan ba ta tsaya ba. Duk wanda ya ji ƙarar da ke ɗaukewa idan an taka kuloci, ya fara da duba man giya, ya kuma dubi ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikinsa, kafin ya yarda a kwance wani abu.

Ƙarar boris ɗin kuloci kishiyar wannan ce. Mota tana shiru idan ƙafa na sama, amma da zarar ka ɗora ƙafa feda ta fara nauyi, sai ka ji fito ko ƙugi ko wani ƙiii, ka saki ya ɗauke. Akwai ta uku da mutane ba su cika sani ba, musamman a motocin da tayoyin baya ke ja irin Fijo: a tsakiyar bayan inji akwai ɗan ƙaramin boris ko zoben tagulla da kan sandar giyabos ke kwana a ciki. Shi ba ya aiki sai kuloci ya raba inji da giyabos sosai, saboda haka kukansa ba ya zuwa a farkon takawa, sai feda ta kusa ƙasa, kuma ya fi fitowa idan mota na tsaye a cikin giya. Ta huɗu ita ce mafi arha, kuma ita ce aka fi cutar mutane a kanta. Kashe inji, ka taka feda ka saki. Idan har yanzu kana jin ƙiƙi-ƙiƙi, to babu ruwan abin da ke juyawa, tunda babu abin da ke juyawa. Ƙusar da feda ke lilo a kanta ce ta bushe, ko waya, ko gindin ƙarfen da ke tura boris, kuma sau da yawa ɗan giris ya isa.

Boris ɗin da aka sa mini sabo, wanda da ma ba a buƙace shi ba, ni na kashe shi da ƙafata. Na saba in ɗora ƙafar hagu a kan feda ina tafiya, wai don in kasance cikin shiri, ban san nauyin takalmi kaɗai ya isa ya sa boris ya riƙa gugar yatsun firesha tun daga Bukuru har Terminus ba. A cunkoso kuwa ba na komawa firi, sai in danne kuloci mota na giya ɗaya in yi ta jira. Jos gari ne na hawa da gangara, yana kan tudun da ya haura mita 1,200, kuma a kowane hawa da aka tsaya, da rabin kuloci nake riƙe mota maimakon birkin hannu, har ina jin kaina gwani. Mafi muni, wanda har yau nake jin kunyarsa, shi ne gangarowa daga Hawan Kibo da kuloci a danne don in rage shan mai. Wanda ya yi haka ya raba mota da injin da ke taya ta riƙe kanta, ya bar wa birki dukan nauyin, birki kuwa idan ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake. Boris shi ne mafi ƙanƙantar abin da mutum zai iya rasawa a wannan gangara. Allah ne kawai ya tsare.

Feda ma tana magana, sai dai da ƙafa ake jin tata. Wata safiya na ji ta yi laushi kamar na taka soso, kuma mota tana kamawa ne tun ƙafata na dab da ƙasa. Na gano cewa idan na buga ta sau uku ko huɗu da sauri takan dawo daidai, sai na mayar da bugun ɗabi'a, na yi makonni ina yi. Wannan dawowar da take yi ita ce shaidar cewa iska ta shiga layin mai, iska kuwa ba ta shiga sai ta inda mai ya fita. Da na sunkuya na leƙa bayan feda da tocila, da na ga kafet ya jiƙe, domin famfon sama idan robarsa ta mutu ta nan yake zubarwa. Na ƙasa kuma ana janye robar da ta rufe bakinsa a ga ko akwai danshi. Akwai kuma yoyon da ba a gani: ka danne feda mota na cikin giya, ka riƙe, sai ka ji mota ta fara jan jiki ita kaɗai ba ka ɗaga ƙafa ba. Wannan mai ne ke sulalewa ta gefen robar famfon sama ya koma kofinsa, shi ya sa kofin yake nan a cike, mai mota ya rantse babu yoyo. Ni ban duba ko ɗaya ba, har ranar da feda ta tafi ƙasa ta zauna a tsakiyar cunkoson titin Bauchi, 'yan Keke suna ta yi mini oda, yara suka turo ni gefe. Gyaran bai taɓa giyabos ba, robobi ne da fitar da iska, aikin da bai kai wuni ba.

Game da man, a zuba abin da aka rubuta a murfin kofi, DOT 3 ko DOT 4 a yawancin waɗannan motoci. Kada a kuskura a cika da man inji ko man sitiyari don an matsu a hanya, domin suna kumbura robobin su lalata su. Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake so a sauya shi kamar duk shekara 2, kuma idan ya yi baƙi ƙirin to roba ce ke narkewa a ciki. A wasu motoci kuloci da birki kofi ɗaya suke sha, an kuma ɗora bututun kuloci a sama da na birki, ta yadda idan mai ya ragu kuloci ne zai fara gazawa. Mai irin wannan mota idan kulocinsa ya yi laushi, ya duba birkinsa ma a ranar.

Masu waya nasu ya bambanta. Feda mai nauyi da ke tafiya da gargada yawanci waya ce ta bushe ko zarenta ya fara tsintsinkewa, kuma gara a sauya ta a gareji da ta tsinke a hanya. Inda ake ɗaure wayar da hannu, dole a bar ɗan wasa a saman feda, kamar santimita 1 zuwa 2 kafin ta fara nauyi. Wannan wasan raguwa yake yi yayin da faifai ke cinyewa, idan kuma ya ƙare, kuloci yana zama a ɗan take kullum ko ba ƙafa a kai, sai ya fara sulɓi alhali da sauran ransa. Masu Golf 2 da Golf 3, musamman masu inji 1.8, su san cewa a yawancinsu boris ɗin kuloci yana can ƙarshen giyabos ta wajen taya, a bayan wani murfi, yana tura wata siririyar sanda da ta ratsa ta tsakiya. Ana iya sauya shi ba tare da an sauke giyabos ba. Wanda ya ce maka dole sai an sauke saboda kukan boris kaɗai, ka tambaye shi dalili.

Sulɓi shi ne ciwon da ba ya ƙara. Ni na same shi ina dawowa daga Abuja da iyali da kaya cike da but, a tsakiyar Hawan Kibo: na ba ta wuta, inji ya ɗaga murya, mota ba ta ƙara gudu ba, sai wari irin na birkin da ya ƙone ya cika ciki. A babbar giya yake fara bayyana, a kan hawa ko da kaya, tun kafin a ji shi a cikin gari. Gwajinsa mai sauƙi ne. A fili, inda babu kowa a gaba, a ja birkin hannu sosai, a sa giya uku ko huɗu, a ɗan ba da wuta, a saki kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci kashe inji zai yi. Idan inji ya ci gaba da aiki ƙafa na sama, faifai ba ya riƙewa. Sau ɗaya ake yi, na 'yan daƙiƙu, domin gwajin kansa yana cin fatar.

A nan na yi kuskuren da ya fi kowanne ci mini rai, domin an gaya mini na ƙi ji. Da aka sauke karo na uku, Baba ya kira ni ya shafa cikin ƙoƙon da kuloci ke zaune, ya nuna mini yatsunsa da baƙin mai. Ya ce sil ɗin bayan inji, wato zoben da ke hana mai fita, na yoyo, ya nuna mini yatsun firesha da boris ya ci har ya yi musu rami, da tabon zafi shuɗi-shuɗi a fuskar filawil. Ya ce, "Tunda an buɗe, a yi duka." Na lissafa aljihuna, watan biyan kuɗin makaranta ne, na ce faifai da boris kawai zan saya. Ya dube ni ya ce, "Motarka ce, yaro." Ba a rufa watanni ba mota ta fara karkarwa duk lokacin da zan tashi daga tsaye, kamar mai jin sanyin Janairu, daga baya sulɓi ya dawo. Mai ya jiƙa sabon faifan, faifan da ya sha mai kuwa wanki ba ya dawo da shi. Kuɗin sil bai kai kusa da kuɗin aikin saukewa ba, na kuma biya aikin karo na huɗu tare da wani faifan. Sai dai ba kowace karkarwa ce daga ciki ba. Robobin da inji da giyabos ke zaune a kansu idan sun yage suna kawo irinta, kuma waɗannan ana ganinsu da ido a buɗe bonet.

Saura ƙin shiga giya, wanda a Jos yana da nasa ruɗin. Da asubar hunturu, a Disamba ko Janairu, man giya yakan yi kauri, giya ta yi tauri, bayan tafiyar minti kaɗan ta saki. Wannan ba ciwo ba ne. Don a rarrabe, a kashe inji a gwada giyoyi. Idan suna shiga sumul a kashe amma suna ƙi a kunne, kuloci ne ba ya saki sosai, sai a fara bincike daga waje, wato iska a layi ko wasan waya da ya yi yawa. Idan a kashe ma suna ƙi, a dubi sandunan da ke haɗa hannun giya da giyabos. Ribas ita ce mai gaskiya a tsofaffin motoci, domin yawanci ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora: taka kuloci, ƙirga zuwa biyar, sa ribas, idan ta yi ƙarrr to sandar ba ta tsaya ba. Idan kuwa giya ɗaya tak ce ke ƙara, galibi ta biyu, sauran lafiya, zobenta ne ya cinye, sabon kuloci ba zai warkar da ita ba. Motar da aka ajiye makonni a damina kuma, irin ruwan Agusta na nan, faifanta yakan yi tsatsa ya manne da filawil. Feda tana tafiya daidai amma giya ta ƙi shiga sam, kuma wanda ya san aiki yakan ɓalle shi ba tare da ya sauke komai ba.

Idan ta kama dole a sauke, ka kasance a wurin lokacin da aka fito da kayan. Dubi fatar faifai ko ta cinye har ƙusoshin da suka riƙe ta sun fito, dubi 'yan sifirin na tsakiyarsa ko sun karye ko suna kaɗawa, juya boris da hannu ka ji ko yana gurzawa, shafa ƙoƙon ka ga ko akwai mai, ka kuma sansana, domin man giya yana da warinsa daban da na inji, wannan zai nuna wane sil ne ya mutu. Kada ka bari yaran gareji su hure ƙurar da baki ko da iskar famfo, saboda tsofaffin faifai da yawa suna da asbestos, wanda ke lalata huhu. Sannan ka karɓi tsofaffin kayanka ka sa a but.

Wannan na ƙarshen ma daga Baba na koya. Ranar da muka fara haɗuwa, bayan ya gama da maganar man giya, ya tambaye ni ina faifai da fireshan da aka cire a aikin farko, domin a cewarsa Kawu bai daɗe da sauya su ba kafin ya ba ni motar. Na ce na baro su a can. Washegari na koma Farin Gada na tambaya. Wani yaro da ke wanke noti a cikin kwano ya ɗago kai ya ce, "Ai Oga, tun makon jiya aka sa wa wata tasi, tana ma zuwa Bauchi kullum."